Zubairu Ya Gyara Motar Surukai

A cikin ɗaliban Najeriya da suka zauna a Madinat Nasr wajen shekarar 2013, babu wanda bai san Zubairu ba, domin shi ba ya bari a rasa saninsa. Karatun Shari'a ya kawo shi Masar, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse ya zo koya wa Misirawa zaman duniya ne. Fanka ta tsaya, ya iya. Waya ta faɗa ruwa, ya iya. Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa kanikanci, wai shekara bakwai ya yi a Ƙofar Ruwa ta Kano yana tsaga inji. Gaskiyar magana, hutun makaranta ɗaya tak ya yi yana jiran shagon kawunsa mai sayar da madubin mota, nan ma sai da ya fasa uku.

To, Allah ya haɗa shi da wata yarinya, Mahasin, Bahaushiyar Sudan, tana ɗinki a wani shago a Hadayek el-Maadi. Yana son ta kamar ya mutu, ita ma tana son sa har da surutun nasa. Tana zaune tare da yayanta Mu'tasim, direba a wani ofishin Turawa a Dokki, da matarsa Awadiyya, da tsohuwar mahaifiyarsu da kowa ke kira Inna. An riga an tsai da rana: Asabar ta uku mai zuwa Zubairu zai kawo babbansa Malam Iliya, dattijon ɗaliban Najeriya, ya nema masa aure. Da yake gidan nasu ɗaki biyu ne kamar akurki, sai Mu'tasim ya ce a yi zaman a lambun Ƙanaɗir a bakin Nilu, a tafi gaba ɗaya a motarsa.

Motar nan fa abin kallo ce. Wani Bature da Mu'tasim ya taɓa yi wa tuƙi ne ya bar masa ita lokacin da ƙasar ta hargitse a 2011 ya tattara ya gudu. Tsohuwa ce, fara, kai ka ce ɗaki aka ɗora wa taya. A cikinta akwai gado, da firji, da murhun gas, har da famfo. Shekara biyu tana ajiye a ƙofar gida, kwanan nan Mu'tasim ya sa mata batir ta tashi lafiya lau. Aibinta ɗaya, murfin tankin mai ya ɓace, sai ya toshe bakin da tsumma.

Ranar da Zubairu ya fara ganin ta, ya zagaye ta sau biyu hannu a baya, ya tsaya a kan tsumman ya yi salati.

“Yaya, wa ya yi maka wannan aika-aika? Tsumma? A wannan wahalar man? Ai rabin fetur ɗinka iska ce ke sha!”

Nan take ya zare tsumman ya jefar, ya samo leda ya ninka ta huɗu, ya rufe bakin tankin, ya ɗaure tamau da robar tib yadda ko numfashin sauro ba zai wuce ba. Ya karkaɗe hannu ya ce haka ake yi a Kano. Mu'tasim, wanda shi tuƙi kawai ya sani, ya yi masa godiya.

Bari in gaya muku abin da ya faru tun yanzu, don ku sha dariyarku da hujja. Tankin mota sai iska na shiga mai yake fita. Tsumma na barin iska, ledar Zubairu ba ta bari. Saboda haka motar sai ta yi tafiyar minti ashirin garau, sannan mai ya daina isa inji, ta fara fizga tana shaƙewa. In an kwance ledar iska ta shiga, ta warke. Ciwon ke nan gaba ɗayansa, kuma likitan da aka kira shi ne ya kawo shi.

Kwana biyu sai ga wayar Mu'tasim. “Ya zol, ɗan'uwa, motar nan ta ɓullo da sabon hali. Tana cikin tafiya sai ta riƙa jan numfashi, in na taka totur ta yi kamar ba da ita nake ba. In ta huta kuma ta wartsake. Gobe zan kai wa usta, kaniken unguwa.”

“Usta? Yaya, ina raye? Wallahi in ka kai wa kanikawan garin nan, motar da ta tafi da ƙafa huɗu da uku za ta dawo. Ka bar mini.”

Washegari ya sauko daga jirgin metro da sifana biyu a aljihu da wata shuɗiyar rigar aiki da ya aro. A gaban gidan akwai shagon gahawa, inda zauna-gari-banza ke wuni suna buga domino. Da suka gan shi suka juyo da kujerunsu, mai gahawa ya ɗaga murya ya ce, “Ahlan ya bashmuhandis!” Wato babban injiniya. Zubairu ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Aka fita gwaji a titin Kurnish na bakin kogi. Minti ashirin cif, motar ta fara fizga. Zubairu ya ce a tsaya. Ya sauka da ƙasaita ya ce, “Kanike na gari da hanci yake fara aiki.” Ya kwance ledar don ya shinshina mai, tankin ya yi wani dogon fuuu, ya shinshina, ya girgiza kai, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya buɗe inji ya zare matatar iska.

“Ga ɓarawon nan. Wannan abin don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, nan shaƙe inji yake yi. Tayar mu gani.”

Mota ta tashi kamar sabuwa. Mu'tasim ya rungume shi ya ce, “Tamam! Wallahi hannunka na da albarka.” Da suka dawo Zubairu ya ɗaga matatar sama ya nuna wa 'yan gahawa, suka tafa masa. Mahasin na leƙe ta taga tana murmushi, shi kuwa ji yake kamar ya tashi sama.

Kwana uku abin ya dawo. Wannan karon, bayan ya shinshina mai kamar yadda ya saba, fulogi ya kama da laifi. Ya zare su duka ya gasa a kan murhun Awadiyya, wai yana ƙone musu datti, gidan ya turnuƙe da hayaƙi. Mota ta warke. Kwana biyu ta sake. Ya shinshina mai, ya kwanta a ƙarƙashi ya gano wata jar waya, ya ce ita ke satar wutar inji, ya datse ta da almakashin ɗinkin Mahasin. Mota ta warke. Ashe wayar firji ce, kuma a firjin nan Awadiyya ke ajiye nama saboda na gida ya yi ƙanƙanta. Sai da wari ya kai shagon gahawa aka gane.

Awadiyya ta sauko riƙe da ledar naman nesa da hancinta. “Injiniya, naman ma shi ke shaƙe injin?”

“Anti, aikin tiyata ba ya rasa jini.”

“To jininka za a zubar ko na ragona?”

“Ki yi haƙuri, cutar ce mai wayo. Da na kama ta nan sai ta koma can.”

“Kai dai ka bi ta a hankali, kada ta shigo mana ɗaki ka cire mana ƙofa.”

Ta kawo masa bahon wanki ta dangwarar, ta ce duk abin da ya ciro ya riƙa zubawa a nan. Kafin mako ya zagayo baho ya kai rabi. 'Yan gahawa suka daina domino, don sun sami wasan da ya fi shi. In ya iso sai su haɗa baki, “Yau me za a cire, ya bashmuhandis?” Wani tsoho ya ba da shawarar a cire sitiyari, wai wataƙila shi ke karkatar da hankalinta. Inna kuwa kullum tana zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa da carbinta, tana kallo.

Mahasin ta tare shi a matakala ranar Laraba, fuskarta babu wasa. “Zubairu, ni na gaya wa Yaya ka iya. Ka iya ɗin kuwa?”

“Haba Mahasin! Ni da na—”

“Ban tambaye ka Ƙofar Ruwa ba. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa, a kai wa usta, babu wanda zai zage ka. Amma kada ka kunyata ni ranar Asabar. Gidanmu ana yafe komai ban da ƙarya.”

Ya dafa ƙirji ya ce ranar Asabar motar nan tashi za ta yi kamar jirgi.

Ranar Alhamis Mu'tasim ya wuni a layin mai tun asuba, ya samo jarka biyu da ƙyar da jiɓin goshi, har da rigarsa a yage. Da Juma'a aka kira shi aiki ba zato, sai ya bar wa Zubairu jarkokin ya ce ya juye a tanki, don abin da ke ciki bai fi cikin cokali ba.

Zubairu ya tsaya ya yi tunani, abin da bai kamata a bar shi ya yi ba. Ya cire wannan, ya datse wancan, cuta na nan. To ashe tankin ne kansa ba shi da lafiya! Yana cikin zagaya motar sai ya hango wani murfi a ɗaya gefen, fari tas, da 'yar ƙofarsa. Ya yi tsalle.

“Allahu Akbar! Tankin ajiya! Na san Bature ba zai yi mota da tanki ɗaya ba!”

Ya leƙa ƙasa ya ga wani ɗan famfo, ya murɗa, sai ga ruwa shaaa yana malala a titi. Ruwan da Mu'tasim ya cika jiya ne don wanke hannu da shayin tafiya, amma wa zai gaya wa Zubairu? Ya kira 'yan gahawa su zo su shaida.

“Ku duba! Ruwa zalla a tankin mai! Wannan shi ake sayar wa bayin Allah a garin nan!”

Mai gahawa ya sosa ƙeya ya ce anya, ya bashmuhandis? Zubairu ya ce da shi kowa ya tsaya a sana'arsa, shi bai taɓa koya masa dafa gahawa ba. Ya jira ruwan ya tsiyaye, ya rufe, ya juye jarka biyun nan kaf a tankin ruwa. Ya yi wa Mu'tasim waya ya ce an gama, cuta ta mutu murus, bayani sai an isa Ƙanaɗir a gaban manya.

Asabar da hantsi aka yi lodi. Malam Iliya ya iso cikin farar babbar riga mai aiki, ya sha turare, ya yi rawani. Inna ta hau gado da matashinta. Awadiyya ta shigo da tukwane, Mahasin ta sha sabon tobi, lafayar matan Sudan, ruwan zuma, tana ta sunkuyar da kai. Zubairu ya hakimce a gaba kusa da direba, gwiwar hannu a taga. Mu'tasim ya dubi allurar mai ya ga tana kwance a ƙasa.

“Ya zol, allura ba ta motsa ba.”

“Allurar ma tana cikin jerin abin da zan cire. Yalla, Yaya, taka.”

Suka wuce Misra Ƙadima, suka wuce Tahrir, Zubairu na ba Malam Iliya labarin wata tirela da ya taɓa tayarwa da ƙusa ɗaya. Suna shiga Shubra, daidai inda hanya ta matse ga cunkoson azahar, motar ta fizga sau ɗaya, ta fizga sau biyu, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar titi. Kafin ka ce kwabo ƙahon motoci ya cika duniya. Direbobin tasi da na ƙananan bas suka sauko suna ɗaga hannu suna ambaton iyaye, daga baya suka haɗu suka tura ta gefe, don Bamisire ko yana zagin ka zai taimake ka.

Zubairu ya sauka ya kwance leda, tanki ya yi fuuu, ya ɗaure. Aka murɗa makulli, shiru. Ya sake kwancewa. Shiru. Wannan karon babu ko ɗigon mai da iska za ta turo. Ya buɗe inji yana neman abin da ya rage bai cire ba. Jama'a suka yi da'ira, kowa da fatawarsa.

Ana haka aka kira salla. Malam Iliya ya ce tun da an tsaya, bari ya yi alwala. Ya naɗe hannun babbar riga, ya tura rawani baya, ya yi bisimilla ya murɗa famfon cikin mota. Ya wanke hannu. Ya kamfata ya kai baki.

Ƙarar da dattijon nan ya yi, har masunta a kogi sai da suka waigo. Ya yo waje yana tofarwa, gemu na ɗiga, gaban rigar ya jiƙe sharkaf.

“Innalillahi! Fetur! Fetur ne a famfo!”

Awadiyya, wadda ta ɗauko ashana za ta ɗora shayi, ta yi jifa da ita ta taga ta dira ƙasa da ihu. Mu'tasim ya sunkuci Inna kamar jaririya ya fito da ita. Wani direban tasi ya matso da sigari a baki yana tambayar me ya faru, mutum goma suka rufar masa, aka ƙwace sigarin aka tattake. Malam Iliya na tsaye a tsakiyar titi hannuwa a buɗe, duk inda ya matsa mutane su dare.

Mu'tasim ya juyo a hankali. “Zubairu. Man da na wuni a layi, ina ka zuba shi?”

“A tankin ajiya, Yaya. Na gefen can.”

“Wannan tankin ruwa ne!”

Wani ya fassara wa jama'a da Larabci. Wayyo, zo ka ga dariya! Wani mai sayar da rake har da zama a ƙasa yana dukan cinya. Yaran bas suka hau kiran “Bashmuhandis! Bashmuhandis!” suna tafi.

Sai Inna, da aka zaunar a kan dakalin bakin kogi, ta ɗaga carbinta. Kowa ya juyo gare ta.

“Ɗana, zo nan. Ni ban san mota ba. Amma shekara hamsin ina buɗe gwangwanin madara. In ka huda shi waje ɗaya, ɗigowa yake yana tsayawa, sai ka huda na biyu yake zuba. Mako uku ina zaune ina jin ku. Duk ranar da aka ce ta warke, sai in ji an ce ka kwance ledar nan ta yi tsaki. Kafin ka ɗaura ledar kuma lafiyarta ƙalau. Na yi shiru ne in ga ko za ka gane, ko kuwa za ka ce ba ka sani ba.”

Wani tsohon usta da ya tsaya kallo ya nemi a fassara masa. Da ya ji, ya je ya duba ledar, ya dawo ya sumbaci hannun Inna, ya ce wallahi Hajiya ta fi rabin kanikawan Shubra.

Zubairu ya ji ƙasa ta ƙi tsagewa. Ya saci kallon Mahasin, ta kafe shi da ido, hawaye na taruwa.

Inna ta gyara lulluɓi ta ci gaba, muryarta a sanyaye. “Ba kanike muke nema wa Mahasin ba, miji muke nema mata. Mai ya zube, nama ya ruɓe, rigar Malam za ta wanku, duk ma'alish, ba komai. Ga babbanka nan, ga yayanta nan, ba sai mun je Ƙanaɗir ba, a nan ma za a iya magana. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa a gaban mutanen nan. Ka iya gyaran mota, ko ba ka iya ba?”

Jama'a, ina ƙofar da ta fi wannan faɗi? Malam Iliya, da warin fetur ɗinsa, ya matso yana raɗa masa, “Faɗi mana, ɗan nan, kalma uku ce.” Awadiyya ma, da duk tsiyarta, sai gyaɗa masa kai take. Mahasin ta haɗa hannuwa a ƙirji, leɓɓanta na motsi, tana faɗa masa amsar a ɓoye.

Zubairu ya dubi Mahasin, kuma Allah ya sani yana son ta. Ya dubi taron da ke jiran bakinsa, mutum ya fi hamsin. Ya buɗe baki.

“Inna, iyawa kam na iya. Matsalar, ita wannan ƙirar Turai ce, ni kuma a kan 'yan Japan na ƙware.”

Babu wanda ya yi dariya. Inna ta ce, “Khalas, shi ke nan,” ta miƙa wa Mu'tasim hannu ya tashe ta. Mahasin ta share idonta da gefen tobi, ta shiga motar ta ɗauko jakarta, ta tsai da wata ƙaramar bas mai komawa Maadi. Ta taimaki Inna ta hau, Awadiyya ta bi da tukwane. Zubairu ya biyo ta har bakin ƙofa yana cewa ta tsaya ya yi mata bayani.

“Ka yi bayanin ai,” in ji ta. “Kowa ya ji.”

Ta ja ƙofar ta rufe da hannunta. Mu'tasim ya miƙa wa tsohon usta makulli suka tafi neman motar ja. Malam Iliya, da direbobi uku suka ƙi ɗauka saboda wari, ya kama hanyar gida a ƙasa bai ko waiwayo ba.

Taro ya watse, aka bar Zubairu shi kaɗai a gefen titi da sifana biyu a aljihu. Ya ciro waya ya kira Mahasin. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake kira, aka ce masa a kashe take.